Waƙar da Na Cire a Bikin Mansura

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce labarina ya cika bayani kamar littafin makaranta. Na ji, ina ƙoƙarin gyarawa. Wannan ne rubutuna na farko, har yanzu sai na karanta shafi sau uku kafin in tura. Na yau kuwa ya fi min nauyi, domin laifin da ke cikinsa nawa ne.

Ga waɗanda suka shigo yau, sunana Zinnira, ni ce 'yar fari a gidanmu da ke Gwarzo. Ina aiki a shagon buga takardu na kawuna, kusa da tasha. A nan na haɗu da Muhammad Nur, ranar da ya kawo wata takarda duk ta yamutse a buga masa baitocin waƙa, ni kuma na kasa haƙuri na gyara masa kurakurai goma sha huɗu ba tare da ya roƙe ni ba. Gyaran sola yake yi a ranakun aiki. Asabar da Lahadi kuma kiɗan biki suke yi su huɗu: shi a fiyano yana waƙa, Bilki tana amshi, Hammadu da kalangu, sai mai ganga. Ba su da waƙar kansu ko ɗaya. Waɗanda mutane suka saba ji a waya da rediyo suke rerawa, su saka sunan amarya da na danginta a ciki.

Ni na tattara masa waƙoƙin a wuri guda, guda arba'in da biyu, kowacce na ba ta lamba. Tun daga nan muka daina kiran waƙa da sunanta, sai da lambarta. Kafin kowane biki sai ya turo min bayanin gidan, in tsara masa jeri. Shi ya koya min yadda ake yi.

"Kar ki kalli fuska," in ji shi, "fuska tana kara. Ƙafa za ki kalla."

Da mai zafi ake farawa don 'yan mata su cika fili. Matan aure ba sa tashi sai 'yan mata sun gaji, kuma ba sabuwar waƙa ke tada su ba, sai wadda aka yi yayinta suna 'yan mata. Tsofaffi sai bayan la'asar, kuma dole kalangu ya fi fiyano ƙara. Ba a jera masu sanyi biyu, yanzu mata za su tuna sun bar yara a gida. In kuwa aka fara rabon abinci, ya ce ko kukan akuya ka sa ba mai lura.

To ga inda matsalar take. A zuri'armu ba a aure sai Goggo Uwaliya ta yarda. Yayar Baffa ce, wato mahaifinmu, tana zaune a Gude, kuma Baffa bai taɓa tsallake maganarta ba. Da labarin Nur ya kai kunnenta, cewa ta yi, "Mai kiɗa? Duk samarin Gwarzo sun ƙare ne?" Ba ta taɓa ganin sa ba. Sai ga shi 'yarta Mansura za ta auri ɗan cikin garin Gwarzo, dangin ango kuma suka ɗauko su Nur su yi kiɗan wuni a ƙofar gidan Goggo. Ta san shi ne. Ba ta hana ba, tunda ba ita ta kira shi ba, amma kowa a gidanmu ya san ranar za ta yanke hukunci a kansa.

Ranar Alhamis da yamma ina shago, ba ciniki, sai ga saƙonsa.

"Malama, gabana faɗuwa yake. Ko sanda na fara kiɗa a gaban mutane ban ji haka ba."

"Ka kwantar da hankalinka. Ga jerin nan na tura."

Na ga ya karanta. Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa.

"Kin manta sha ɗaya."

"Ban manta ba. Cire ta na yi."

"Haba Zinnira. Ban taɓa tashi daga wuni ban yi ta ba. Ita ce ke sa mata kuka suna rawa."

Lamba sha ɗaya ita ce waƙar da ake kiran mahaifiyar amarya ta fito fili. Ana lissafa goyo da raino da jinyar da ta sha, a ambaci sunanta da na 'yarta, mata su kewaye ta suna guɗa. A ko'ina ita ce ke tashin fili, na sani. Amma ina da hujjata, kuma a lokacin ina ganin hujjar ta fi ƙarfin musu.

Mansura 'yar fari ce kamar ni. Mu kuwa asalinmu masu shanu ne, ko da yanzu noma ya fi yawa, kuma kunyar ɗan fari har yau tana nan a gidajenmu. Inna ba ta taɓa kira na Zinnira ba. "Ke," ko "waccan," shi ke nan. Ranar da sakamakon jarrabawata ya fito, na shigo da gudu na nuna mata, ta ce "To madalla," ta ci gaba da tankaɗe. Goggo ma haka take da Mansura, har ta fi. To ku duba min, a ce a ɗauki makirfo a gaban mutanen Gude da na Gwarzo a kira Goggo Uwaliya ta fito ta taka rawa don 'yarta ta fari? Gani nake ranar ce Nur zai rufe wa kansa ƙofar gidanmu da hannunsa.

Duk na rubuta masa wannan, dogon saƙo har da sakin layi uku.

Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Ni 'yar gida ce, kai baƙo ne. Ka yarda da ni."

"Na yarda. Na soke ta."

Ya haɗa da hoton takardar, ya ja layi biyu a kan lambar. Har wani daɗi na ji, wai na cece shi.

Abin da ban faɗa masa ba, don ni ma ban ɗauke shi komai ba, shi ne ni ba mai zuwa fili ba ce. Duk bikin da aka yi a danginmu, ɗaki nake samu in ƙule da littafi har a watse. Kuma tun da na yi wayo ba a aurar da 'yar fari a zuri'armu ba sai wannan.

Ranar Asabar muka isa Gude da hantsi. Ankonmu atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, tela ya matse min hannu har ba na iya ɗaga shi sosai, ga tabarau yana ta zamewa saboda gumi. Inna kuwa ta ba ni mamaki. Leshinta ruwan goro ta ciro, wanda ya shekara biyar a ƙasan akwati, ta kafa ɗauri, ta sa 'yan kunnen da ba ta sawa sai da sallah. Inna da a kowane biki wurin tukwane za ka same ta, ranar kujerar roba ta ja ta zauna a bakin fili, ta ɗora hannuwa a cinya.

An kafa rumfa biyu a ƙarƙashin darbejiya, janareto yana can bayan rumbu. Nur ya sa farar shadda da hula mai ruwan ƙasa, ko kallon inda nake bai yi ba, sai da ya durƙusa ya gaida tsofaffin da ke kan tabarma ɗaya bayan ɗaya.

Bayan azahar aka fara. Wallahi jerin ya yi. Lamba uku ta kwaso 'yan mata kamar an buɗe musu ƙofar makaranta. Da aka zo ashirin da bakwai sai ga matan aure suna miƙa jarirai ga na kusa, wata har da cire takalmi. Ni ina gefe a jikin bango, ina kallon ƙafafu kamar yadda ya koya min, ina jin kaina kamar wata babbar malama.

Bayan la'asar tsofaffi suka yi tasu, Hammadu ya matsa kalangu har wata kaka ta jefar da sandarta. Daga nan ne Anti Badi'a, yayar ango, ta ratsa fili da gwaggwaronta ta tsaya a gaban fiyano.

"Malam, ina ta uwar amarya? Rana fa tana tafiya."

"Hajiya, a yi haƙuri, yau ba ta cikin jeri."

"Ba ta cikin me? Kai, mu muka kira ka ko jerin?"

'Yan mata suka ɗauka, "Ta uwar amarya! Ta uwar amarya!" A lokacin ne kawai ya ɗago ya nemo ni da ido. Na girgiza kai. Ya kalle ni kamar mai roƙo. Na sake girgizawa.

Sai ya sunkuya ya saki lamba talatin.

Wasu suka yi rawa, amma filin ya rage. Na ji wata a bayana tana cewa, "Wannan ai bai gama koyo ba." Anti Badi'a ta yi tsaki ta koma ta zauna. Shi kuwa ya ci gaba da murmushi yana waƙa, gumi yana bin wuyan shaddarsa. Na lura duk sanda aka fara sabuwar waƙa sai Inna ta ɗan miƙe, ta saurara, ta koma ta zauna. Na ɗauka ƙafarta ce ke ciwo.

Ƙarfe biyar da rabi aka kashe janareto, aka fara naɗe tabarmi. Motocin kai amarya sun jeru a bakin hanya. Sai na ji an taɓa kafaɗata.

"Ke, zo. Goggonki na kira."

Ɗakin Goggo yana can ƙuryar gida, tagarsa tana kallon bayan fili. Na shiga da sallama. Tana zaune a bakin gado cikin cikakkiyar kwalliya, zani da mayafi sababbi, ƙafa ta sha lalle, ta juya fuskarta wajen taga. A cinyarta akwai sabon ƙaramin tawul, a ninke, ba a taɓa shi ba.

Ba ni ta kalla ba, Inna ta kalla.

"Kin ga abin da yaron nan ya yi min ko? Don na ce ban so, shi ne ya zo har ƙofar gidana ya rama. Ya kira sunan kowa, har da matar mai unguwa, ni ya tsallake ni."

"Yaya, wataƙila mantuwa ce," in ji Inna a hankali.

"Mantuwa? Ina ji ana roƙon sa yana ƙi." Sai ta juyo gare ni. "Na kira ki ne ki ji da kunnenki. Maganarsa ta mutu."

Jama'a, ni mai tsoro ce. Ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba ko na san amsa. Amma na durƙusa a kan leda.

"Goggo, ba shi ba ne. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na ce ya cire. Ya so ya yi, sau biyu yana tambaya ta. Ni na hana."

"Ikon Allah. Yaushe kika zama mai zaɓa wa makaɗa waƙa?"

"Wata bakwai ke nan," na ce, don ban san me zan ce ba.

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Goggo ta daɗe tana kallo na.

"To don me?"

"Na ga Yaya Mansura 'yar fari ce. Na ce in aka kira ki fili za ki ji kunya, ki ce ya ci mutuncinki."

"Wa ya ce miki zan fita?"

Na ɗago na kalle ta.

"Waccan ce za ta fita." Ta nuna Inna da haɓa. "Tun wata biyu na gaya mata. Haka ake yi a gidan nan tun kafin a haifi ubanki. In aka kira uwa, matar ƙani ko ƙanwa ta fita a madadinta. Ita uwar nata ta zauna a ɗaki ta ji." Ta shafa tawul ɗin da ke cinyarta. "Shekara ashirin da uku ban kira yarinyar nan ba. Ban goya ta a gaban mutane ba. Ta yi ƙyanda, uwar mijina ce ta riƙe ta, ni ina bakin ƙofa. Rana ɗaya ce wani zai faɗa da ƙarfi cewa ni na haife ta, kuma ba wanda zai ga fuskata. Tun azahar nake zaune a nan."

Na kalli tawul ɗin. Na kalli leshin Inna. Ban san sanda hawaye ya cika min tabarau ba.

"Ke da karatunki," in ji Goggo, ba da faɗa ba. "Kin ga ba ma faɗa, sai kika ɗauka ba ma so."

Ban nemi izini ba, na tashi na fita da gudu, hannun rigar nan har ya ɓarke a hammata. A waje na tarar an riga an ɗora janareto da sifiku a bayan a-kori-kura an tafi da su. Nur yana durƙushe yana naɗe waya. Ban taɓa yi masa magana a gaban mutane ba sai ranar.

"Na yi kuskure. Tun azahar Goggo take jiran sha ɗaya. Ta ɗauka da gangan ka ƙi."

Na jira ya ce ai na gaya miki. Ya ajiye wayar, ya share hannu a gwiwa.

"Wacce ce tagarta?"

"Ba wuta fa. Fiyanon ba zai tashi ba."

"Na tambaye ki taga, Malama."

Na nuna masa. Ya kira Hammadu da Bilki, suka zagaya bayan ɗakin suka tsaya a cikin karan dawa, kusa da turken awaki. Hammadu ya rataya kalangu yana gunaguni, "Yau kuma awaki za mu yi wa wasa?" Bilki ta ce, "Buga dai, sun fi wasu iya sauraro."

Ya fara da muryarsa kawai, ba makirfo. Ashe ban taɓa jin ainihin muryarsa ba, kullum ta cikin sifika nake ji. Siririya ce, har tana ɗan rawa. Bai yi sauri irin na fili ba. Ya ja baitin goyo, ya ja na jinya, da ya iso inda ake saka suna sai ya matsa daf da tagar ya faɗe shi sarai: Uwaliya, mahaifiyar Mansura. Bilki ta amsa. Ya sake faɗa.

Matan da suka fara tafiya suka juyo. Kafin a gama baiti na biyu bayan ɗakin ya cika. Sai ga Inna ta fito ta ƙofar baya, ta gyara ɗaurinta, ta shiga tsakiya. Ban taɓa ganin Inna tana rawa ba. A hankali take takawa, kanta a ƙasa, hannu ɗaya riƙe da gefen zani, kuma wallahi ta iya. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Anti Badi'a da kanta ta je ta kamo hannun amarya daga bakin mota, aka kawo ta lulluɓe, aka tsayar da ita a jikin bangon, daidai ƙarƙashin tagar. Kafaɗun Mansura suna ta girgiza a cikin mayafi.

Goggo ba ta fito ba. Labulen ma bai motsa ba. Sau uku Nur ya maimaita waƙar, har aka fara kiran magariba a masallacin unguwa, sannan ya yi shiru.

Bayan an tafi da amarya, mun yi sallah, na koma yi wa Goggo sallama. Fuskarta a wanke take, ta sake sa kwalli, tana jan carbi kamar ba abin da ya faru.

"Muryar tasa ba ƙarfi," ta ce.

"Eh, Goggo."

"Amma ya san inda ake tsayawa." Ta ja carbi biyu. "Da aka yi masa ihu a fili, me ya hana shi ya ce ke ce?"

"Ban sani ba, Goggo."

"Ɗan gidan wa ne a Gwarzon?"

Na faɗa mata sunan mahaifinsa da unguwarsu. Ta ce ta san kakarsa, mai ƙuli-ƙuli ce, ba ta da hayaniya.

"Ban ce na yarda ba, kar ki je kina washe baki. Ya zo ya gaishe ni ranar Juma'a. Shi kaɗai, ba da mai kalangun nan ba, ya firgita min awaki."

A motar komawa Gwarzo ni da Inna muka matsu a kujerar baya, ƙullin alkaki da dubulan a cinyata. Wayata ta yi ƙara, saƙonsa ne: "Yaya?" Na rubuta masa, "Juma'a. Ka sa farar shaddar nan." Ya turo, "Innalillahi. Wace lamba ake yi wa Goggo a gaisuwa?" Na kife wayar don kar in yi dariya.

Inna tana kallon waje, gonaki suna wucewa. Mun yi nisa, har na ɗauka barci take. Sai na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta juyo ba.

"Ke."

"Na'am, Inna."

"In Allah ya kawo taki ranar, ki tsara duk abin da kika ga dama. Amma waccan, kar ki cire min ita."